Kunnen Kawu na Hagu

Kawuna mai gyaran famfo ne, kuma a unguwarmu ba wanda ya damu da sanin sunansa na yanka. Yara da manya Mai Famfo suke ce masa, ni kuwa Kawu, don yayan mahaifiyata ne. Gajere ne siriri, gwiwoyin wandonsa kullum a jiƙe saboda durƙuso a banɗakunan mutane. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka watsu neman abinci, yake zaune shi kaɗai a wani ɗaki bayan shagonsa, daga katifa sai rediyo sai tarin tsofaffin kawunan famfo da ya ce wata rana za su yi amfani.

Da kunne yake aiki. In ruwa na yoyo a cikin bango, sai ya ce a kashe talabijin, a fitar da yara. Ya kafa bakin wani dogon sukudireba a bango, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya lumshe ido. Ya matsa gaba, ya sake kafawa. Can sai ya yi alama da alli ya ce a fasa nan. Ba kullum yake dacewa ba. Akwai gidan wani tela da ya sa aka fasa bango, aka tarar agogon maƙwabci ne yake ƙas-ƙas ta ɗaya gefen. Har yau telan bai yafe ba. Amma yawanci in an fasa, ruwa ake tararwa. Kuma ba ya iya zama inda famfo ke ɗiga. Ana cikin gaisuwa sai ya miƙe ba sallama ya shige kicin ɗin mutane, sai dai ka ji ɗigar ta tsaya.

Ni kuwa kantin magani gare ni a bakin titi. Unguwa na kirana Likita, ban taɓa hana su ba. Duk mai hawan jinin da ya shigo sai na yi masa wa'azin tafiyar ƙasa, ina zaune a kujera mai juyawa, fanka na kaɗa ni, tumbina ya tokare teburi. Daga ƙofar gidana ana hango kantin, amma a babur nake zuwa.

Kunnen Kawu na dama ne ya fara mutuwa. Kawu ya ɓoye, ya riƙa juyo wa mutane gefen hagu kamar mai jin kunya. Da na hagun ma ya soma nauyi na kai shi wurin likitan kunne, na gaske, ba irina ba. Ya duba, ya ja ni gefe ya ce wannan kunnen ma tafiya yake yi, kuma ba da jimawa ba. An gwada wa Kawu na'urar da ake maƙalawa a kunne, ya ce fito kawai take yi masa, ya jefa ta cikin kawunan famfo. Aiki ya ja baya. Masu kiransa don yoyon bango suka daina, sai ɗan canjin roba. Wata rana na je duba shi na tarar yana cin abinci hankali kwance, famfon ƙofar ɗakinsa na ɗiga a bokiti, ɗis, ɗis, bai sani ba. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Na faki idonsa na ɗaure.

A ranar ce ya yi mini maganar.

"Likita!" in ji shi da ƙarfi, don ya daina sanin girman muryarsa. "Kafin wannan ma ya rufe, akwai abin da nake so in ji."

Ya ce yana saurayi an ɗauke su aikin shimfiɗa babban bututun da ke kawo ruwa gari daga duwatsu. A can cikin kwazazzabo, inda aka yi 'yar madatsa bututun ya fara, suna jin wani ruri daga sama wanda ba ya yankewa. Aka ce musu kogin ne gaba ɗaya yake faɗowa daga kan dutse. Shugaban aiki ya hana kowa zuwa. Kawu ya ce in an gama zai dawo, sai aure ya zo, 'ya'ya suka zo, famfunan gari suka yi ta lalacewa.

Na ciro waya zan nemo masa hoto, ya ture hannuna.

"Ba gani nake so ba. Na ƙare rayuwata ina rufe wa ruwa baki. Ina so in ji shi sau ɗaya a inda ba mai ɗaure shi."

Na bugi ƙirji na ce ni zan kai shi, ko a bayana ne. Da na gaya wa maiɗakina sai da ta ajiye ludayi ta riƙe ciki.

"Kai? Kai da kake kiran yara daga waje su miƙo maka rimot? To a cikinku wa zai goyo wa?"

Na ce mata ba ta san ni ba ne. Ta ce matsalar ke nan, ta sani.

Na yi shiri na a zo a gani. Sabon takalmi mai kaurin ƙasa, hular rana, sandar ƙarfe mai naɗewa, da jaka cike da kayan ceton tsoho: bandeji, man zafi, maganin ciwon gwiwa, garin gishiri da sukari na masu galabaita. Kawu ya zo da takalmin robarsa na aiki, da gorar ruwa, da sifana a aljihu, don ya ce in babu ita gefe guda yake jin kansa.

Motar haya ta ajiye mu inda kwalta ta ƙare, muka kama 'yar siririyar hanya da ke bin gefen kogi. Da farko ni ne a gaba, ina kaɗa sanda, ina yi wa Kawu bayanin amfanin motsa jiki a kunnen hagu. Ba a jima ba bayanin ya koma haki. Hanyar ta soma hawa, duwatsu suka matso dama da hagu har sama ta koma 'yar tsaga, sanyi na tasowa daga ruwa amma ni gumi nake yi har cikin ido. Sabon takalmi ya fara cin dunduniyata. A inda ake tsallake kogin a kan duwatsu, Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yana shiga banɗaki mai santsi, abin da ya saba. Ni na tsaya na auna, na yi lissafi, na zaɓi dutsen da ya fi faɗi, wanda ya fi kowanne gansakuka. Sandar ta naɗe kanta a daidai lokacin da nake buƙatarta. Na zauna daɓas a cikin ruwa, hular ta bi kogi ta koma gari babu ni.

Wasu 'yan mata masu saukowa suka tarar da mu, Kawu yana shafa mini man zafin da na kawo dominsa. Ɗaya ta rage murya cikin tausayi ta ce, "Sannu Baba, a riƙa hutawa." Na juya in ga ko Kawu ya ji, sai na ga ni take kallo.

Rana ta karkata kafin mu kai madatsar. 'Yar katangar siminti ce da ta tsattsage, ga bakin tsohon bututu ya yi tsatsa. Nan ƙafafuna suka ajiye aiki. Na zube a kan katangar na cire takalmi, dunduniya biyu duk sun yi bororo sun fashe, cinyata na rawa ita kaɗai. Na kaɗa garin gishiri da sukari na shanye, ban ko yi wa tsohon tayi ba.

Sai da hakina ya lafa na lura da ƙarar. Ta cika kwazazzabon, wani ruri mai nauyi daga bayan kwanar dutse, har a ƙirji nake jin sa. Na ɗago da murna zan yi magana, sai na ga Kawu. Yana tsaye a bakin bututun, ya juya kunnen hagu wajen sama, ya kare shi da tafin hannu, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Ya matsa gaba kaɗan ya sake.

"Daga nan muke jin sa," ya ce. "Nan daidai. Likita, kai kana ji?"

Na ja jiki na kai bakina kunnensa.

"Ban ji komai ba, Kawu! Ni ma ban ji ba! Shekaru sun yi yawa, itatuwa sun girma sun tare!"

Ya dube ni, ya dubi sama, ya gyaɗa kai a hankali.

"To in kai mai kunne ba ka ji ba, wataƙila ya janye ne. Ruwa ya ragu ko'ina." Ya sunkuya ya kalli ƙafafuna. "Dubi yadda ka koma. Tashi mu juya, kada uwarka ta ce na kashe mata ɗa."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi. Ƙofa ce aka buɗe mini har da labule. Ba ni na ce a koma ba, shi ya ce. Na hango katifata, na hango ruwan zafi a roba, har na fara tsara yadda zan ba maiɗakina labari in rage wurin faɗuwa. In muka juya, Kawu zai tafi da cewa ruwa ne ya ƙafe, ba kunnensa ba, kuma ba wanda zai ƙaryata shi. Sai dai rurin bai daina dukan ƙirjina ba, kuma na san in muka sauka yau, ko an sake kawo shi kunnen ya riga ya rufe, ba abin da zai ji.

Na ɗaure takalman da igiyarsu na rataya a wuya. Na naɗe ƙafafuna da bandejin tsoho, na mayar da safa.

"Mu ƙarasa mu gani da idonmu!" na yi ihu. "Ai ban gaji ba!"

Ya ce ko bai ji ni ba fuskata ta ƙaryata ni.

Sauran hanyar ba hawa ba ce, rarrafe ne. Matakai ne na dutse jiƙaƙƙu, da igiyar ƙarfe da aka kafa a bango don riƙewa. Na bi su da hannu da gwiwa, ina salati, ina tsine wa mai sayar da takalmi, ina alkawarin ba zan ƙara ce wa kowa ya yi tafiyar ƙasa ba. A wani wuri Kawu ya sa kafaɗa ya turo ni daga baya, mutumin da na ce zan goya. Ƙarar na ƙaruwa, ni kuma ina satar kallonsa a kowace kwana. Fuskarsa ba ta canza ba. Tsoro ya kama ni sosai, kada in jawo shi har nan don kawai ya tabbatar da abin da na ɓoye masa.

Muka sha kwanar ƙarshe, sai ga shi. Kogin gaba ɗaya yana faɗowa fari fat daga can sama inda sai ka ɗaga kai har wuya ya yi zafi, yana dukan tafkin da ke ƙasa, feshi na tashi yana jiƙa komai. Ƙarar ta wuce misali. Ban san lokacin da na toshe kunnuwana da hannu biyu ba.

Kawu bai ko ɗaga kai ya kalla ba. Ya wuce ni, ya bi ta kan duwatsu yana matsawa, ya juya wa ruwan gefen hagu. Ya ƙara matsawa har rigarsa ta manne a jikinsa. Ya tsaya. Ina kallon bayansa ina addu'a. Can sai kafaɗunsa suka sauka, ya ɗago hannu ya yafito ni ba tare da ya waiwayo ba.

Na rarrafa na isa. Ya damƙi wuyan rigata ya jawo ni, idanunsa a rufe, bakinsa har kunne.

"Likita! Ga shi nan! Na ji shi!" Ya ƙara saurarawa. "Ashe a hankali yake zuba. Kamar yayyafi a kan rufin kwano."

Na sauke hannuwana daga kunne. Ƙarar ta shige ni har cikin haƙora, hawaye ya gauraya da feshi a fuskata.

"Haka ne, Kawu!" na ce da iyakar muryata. "Haka nake jin sa ni ma!"

"To ka daina motsi mana," ya ce. "Kada ya kuɓuce mini."

Na tsaya cik a kan ƙafafun da ba sa ɗaukata, har sai da shi da kansa ya buɗe ido.