Ƙanshin Harawa a Rumfar Walda

Ni da yayana mun daɗe muna walda a wata rumfa a Rano, bakin hanyar Kibiya. Injinan ban ruwa ne yawancin aikinmu. Shi ne mai surutu, ni kuwa sai dai in ce "uhum", har yake kirana kurman gida.

Akwai wani ruwa da muke saya a jarka, na wanke baƙin mai daga jikin ƙarfe. Tas yake wankewa. Mu kuma da gaggawarmu ba ma jira ya bushe, wuta muke kara masa. Da ya ji wuta sai wani ƙanshi ya tashi kamar na sabuwar harawa. Yaya har hanci yake buɗawa ya ce, "Ka ji gonarmu ta Zinyau ta biyo mu." To wa zai guji ƙanshin harawa? In maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi kuma muna da maganinmu na masu walda, wato nono. Wata dattijuwar Bafulatana ce ke kawo mana kullum, ƙoƙo biyu.

Ranar da abin ya faru na tafi Rurum kai inji. Iska ta hana Yaya aiki a waje, sai ya ja ƙyauren rumfar ya ci gaba a ciki. Da na dawo bayan la'asar na same shi yana tari, ido jawur. Na ce mu je asibiti.

Ya ce, "Kai dai ka cika tsoro. Ai na sha nono."

Na ce, "Uhum."

Washegari da hantsi numfashi ya gagare shi, na kai shi asibiti. Likita ya gaya mini cewa ruwan nan in ya haɗu da wuta guba yake zama, ta shiga huhu ta lafe, sai bayan sa'o'i huhun ya cika da ruwa. Nono kuwa, in ji shi, ciki yake tafiya, ina ruwansa da huhu? Ya tambaye ni me ya hana mu zuwa tun jiya. Kafin azahar Yaya ya cika.

Har yau ina rumfar, ni kaɗai. Dattijuwar ta koma kawo ƙoƙo ɗaya, ina karɓa don kada ta ji babu daɗi. In kaka ta yi aka wuce da harawa, sai in ajiye aiki in fita. Wallahi kewarsa nake yi, kuma haushin kaina nake ji. Yanzu duk mai waldar da ya yi tari a gabana, surutu nake yi masa har sai ya gaji ya bi ni asibiti. A rumfar kuwa babu wanda zan ce wa uhum.