Akwatin Mushe Ilyasu

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Mushe Ilyasu makwancinsa. Allah ya haskaka kabarinsa. Malamin boko ne, shi ya sa ake ce masa Mushe. Abokina ne tun muna samari a unguwar Talladjé, kuma shi ya koya mini ɗan Ingilishin da nake ciniki da baƙin Gana a shagona na atamfa a Kalley. Ni karatun allo na yi, don haka duk abin da ya rubuta a tablo, wato baƙin allon aji, da ajami nake kwafe shi yadda kunnena ya ji. Yakan duba littafina ya yi dariya, ya ce in dai bakina ya faɗa daidai, ba ruwansa da hannuna.

Darasinsa na ƙarshe ga kowane aji guda ne, wato yadda mai Ingilishi yake faɗin abin da zai riga ya kammala kafin wani lokaci mai zuwa. Ban taɓa sakin jiki da darasin nan ba. Na ce masa yaya bawa zai yi maganar gobe kamar ya riga ya gan ta? Ya ce in sa in sha Allahu a ƙarshen kowace jimla, ba zai rage mini maki ba.

Ga yadda yake gwada mu. Kowa zai cika takarda da abin da yake fatan ya gama kafin shekara goma, ya sa a ambulan, ya liƙe, ya rubuta sunansa a baya. Mushe ba ya karantawa. Yakan ce gyaran kuskure a tablo ake yi, abin da ke cikin ambulan kuwa tsakanin mutum da Ubangijinsa ne. Sai ya jera su cikin wani akwatin ƙarfe, idan shekara goma ta cika ya nemi mai ita ya miƙa masa. Da ciwo ya tsananta, ni ya ce in riƙe akwatin. Amma sai bayan sadakar uku iyalinsa suka kawo mini.

Bara ɗan ƙanensa, Abdu, ya buɗe makarantar Ingilishi a unguwar Dar es Salam, ya sa mata sunan marigayi. Na yi masa murna, ko da yake allon ƙofar ya yi alkawarin harshe zai zauna a bakin mutum cikin wata uku, abin da Mushe bai taɓa cewa ba. Daga nan Abdu ya fara zuwa gaishe ni, yau da goro, gobe da turare. Yaron da ya shekara shida bai tako shagona ba. Na yi ta yi wa zuciyata faɗa a kan zato, har ranar da ya faɗi abin da ke kawo shi: yana son akwatin, ya ɗauki hoton takardun ya watsa a waya, duniya ta ga ɗaliban babansa.

Na ce masa a ciki akwai sirrin mutane, wataƙila wani ya rubuta aure, wata ta rubuta haihuwar da har yau ba ta samu ba.

Ya ce, "Baba, ai ba wani abin kunya a ciki. Taku ta ajami ce kawai muka kasa karantawa."

Da ya tafi na buɗe akwatin na ɗaga ambulan ɗaya bayan ɗaya a hasken rana. Da yawa an sake liƙe su, har da tawa.

Nakan tambayi kaina me Mushe zai ce da wannan zamani da komai sai an nuna shi. Ina jin zai yafe wa Abdu, don ya fi ni sanyin hali. Amma ba zai ba shi akwatin ba, ni ma ban ba shi ba.

Ingilishin da ya koya mini rabinsa ya zube. Abin da ya saura shi ne amanar mutanen da suka yarda da shi har suka rubuta burinsu suka bar masa. Duk wanda ya san ya bar ambulan wurin Mushe Ilyasu, ya same ni a Kalley bayan la'asar, da ƙafarsa, ba ɗan aike ba. Zan ba shi tasa ko shekarunta ba su cika ba, in kuma gaya masa gaskiya cewa wani ido ya riga shi gani.