Na Ce Duk Hmong Hmong Ne

A lokacin ina aiki a wani ofishin samar da tafinta a unguwar Lewisham ta Landan, shekarata uku a kujerar, kai ya fara kumbura. Ni Bakanuwa ce mai cinikin doya da Hausawan zangon Kumasi a kasuwar Deptford, kowa na jin kowa, don haka na ɗauka kowane yare haka yake.

Wata rana aka turo mana batun wata tsohuwa 'yar ƙabilar Miao daga ƙasar Sin. Ta faɗi a gidan 'yarta, asibiti na son gwada hankalinta kafin sallama, kuma ƙa'ida ta hana dangi yin tafinta a irin wannan gwaji. Na ga Hmong a jerin harsunanmu, na san ana lissafa Hmong cikin Miao, sai na haɗa su da wani tafinta mutumin Laos ta waya. Ya yi ta tambaya, tsohuwa na kallon bango. Aka rubuta ta rikice, sai gidan kula da tsofaffi. 'Yar ta kira ni tana kuka, wai yaren mutumin ba nasu ba ne. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na ce mata ai duk Hmong Hmong ne, na kashe waya.

Kukan nan ya tsaya mini a rai. Washegari na kira tafintan, ya amsa cewa 'yan kalmomi kawai ya tsinta, kunya ta hana shi faɗa. Da na bincika, ashe masana sun kasa harsunan Miao reshe-reshe: Hmong na yamma da ake yi har Laos, da Xong na lardin Hunan, da Hmu na gabashin lardin Guizhou, yankin su tsohuwa. Tushe ɗaya, amma ba sa jin juna, kamar Hausa da Bolanci.

Na kai kaina gaban shugabata na faɗi laifina. Kwana huɗu ina bin jami'o'i da waya har na samo wata ɗaliba mai jin Hmu. Da aka sake gwajin, tsohuwar da aka ce ta rikice ta lissafo magungunanta tsaf, ta ƙara da ƙorafin abincin asibiti ba barkono. Ta koma gida wajen 'yarta. Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa a cikin bas!

Yanzu sai na tambayi garin mutum kafin in nemo masa tafinta, don matambayi ba ya ɓata. Jama'a, in mai abu ya ce wannan ba nasa ba ne, ku saurare shi. Ni da na ƙi, na kusa raba uwa mai cikakken hankali da 'yarta.