Karfasan Kawu a Kwalbar Alawa

Shekarun baya, lokacin babban farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, ina sabon malamin lakol, wato makarantar boko, a ƙauyenmu, kusa da Gazawa. Bayan gari akwai tafkin da bai haɗe da kowane gulbi ba, kuma kawuna kaɗai ke su a cikinsa. A shekarar ya ƙafe, sai ɗan taɓo a tsakiya.

Ranar da kawu zai ƙetare iyaka cin rani, ya shigo gidanmu da ƙwarya a rufe. Ƴan karfasa ne, ba su fi ɗan yatsa ba, ya tsamo su daga taɓon.

"Ga irin tabkinmu nan, ɗana," in ji shi. "Ka sa su babbar randa, cikin inuwa. In ruwa ya dawo mu maishe su."

Na ce to. Amma randar nan ba ta cika da tulu ɗaya ko biyu, ga shi mahaifiyata ce ke zuwa rijiya mai nisa tun asuba, tafin hannunta duk kanta saboda jan guga. Sai na yi dabara irin ta ɗan boko: kifi ƙanana, mazubi ƙarami, wahala kaɗan. Da ma na taɓa ganin kifi cikin gilashi a wani buro, wato ofis, a Maradi, daga kallo ɗaya na naɗa kaina Sarkin Ruwa. Na roƙi kwalbar alawa wajen mai tebur, na juye su ciki, na aza a tagar ɗakina, ɗakin kwano.

Sun yi kyau, ba ƙarya, har maƙwabta ke shigowa kallo. Ni kuma da na ga suna buɗe baki sai tausayi ya kama ni, in barbaɗa dusa, in ƙara.

"Mushe," in ji mahaifiyata, da kiran da ƴan lakol ke wa malami take tsokanata, "mu muna lasar akushi, kihinka na barin saura. Kai su randa, ni ban ce maka na gaji ba."

Na ce ta bar ni da ilimina.

Ashe ruwa kaɗan ba shi da haƙuri. Rana na bugunsa ya ɗau zafi, dusa na kwana a ciki ya yi tsami. Wata la'asar na dawo daga lakol na tarar ruwan ya yi fari kamar tsari, duk sun juya ciki sama. Na ɗauki kwalbar, ɗuminta kamar na koko.

Damina ta sauka, tafki ya cika. Kawu ya dawo, ko buhunsa bai aje ba ya nufo gidanmu da ƙwaryar nan, ya leƙa randa. Na faɗa masa yadda aka yi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. "Haka Allah ya so," ya ce, ya kife ƙwaryar a gindin randa ya fita.

Kwanan nan ɗiyata ta nuna mini a waya wani ɗan akwatin gilashi mai kifin teku kala-kala. "Baba, ƙarami ne, daidai mai koyo." Na ce mata ƙarami sai gwani, mai koyo ya nemi ruwa mai yawa da zai rufa masa asiri in ya yi kuskure. Ta yi dariya, ni na kasa.

Har yau abin na cina. A waccan daminar kullum kawu sai ya je tafki da komarsa, ya dawo ba komai, sai kukan kwaɗi. Da kaka ya kai komar kasuwar Gangara. Ina tsaye wanda ya saya ya ɗaure harawa da ita a bayan jaki.