Cokalin Shayin Hajiya

Tun kafin in san akwai wani addini wai shi Mormon nake dafa wa Hajiya shayi. Ita ce mai gidan da muke haya a Kwamba, cikin Suleja. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, 'ya'yanta duk suna Abuja, sai ƙarshen mako suke leƙo ta. Kafin mu tare a gidan wata jikarta ta taɓa miƙa mata kofi da zafinsa ya ƙone mata baki, tun daga nan ba ta karɓar shayi sai an ɗanɗana a gabanta. Ni kuwa ba sai an gaya mini ba, don uwata ta koya mini ba a miƙa wa babba abin da ba a taɓa da harshe ba. In zuba, in juya, in kai cokali baki, in ce mata ya yi daidai. Ita kuma takan riƙe mini 'yata da yamma in na fita da awara bakin titi. Tana Musulma muna Kirista, hakan bai taɓa shiga tsakaninmu ba.

Maigidana direban keke mai ƙafa uku ne. Shi ya kawo mana 'yan Mormon ɗin. Wata rana da damina kekensa ya kafe a taɓo wajen Bagama, sai wasu samari biyu masu farar riga da nakataye suka tuɓe takalma suka tura masa. Ya ce duk wanda zai ɓata irin wannan riga saboda keken wani, ya kamata a ji abin da ya zo da shi. Suka fara zuwa ɗakinmu. Da Turanci suke magana, ni kuma karatuna a firamare ya tsaya, don haka maigida ne ke juya mini da Hausa.

Sun ce mun rayu a wurin Allah kafin a haife mu, 'ya'yansa ne mu, mantawa muka yi. Sun ce bayan manzannin Yesu sun mutu ikon da ya ba su ya ɓace a duniya, sai da Allah ya bayyana ga wani saurayi a Amurka ya maido da shi, aka nuna masa allunan zinariya, daga cikinsu ya fassara littafin da suke karantawa tare da Littafi Mai Tsarki. Sun ce har yau suna da annabi mai rai. Ba sa shan giya, ba taba, ba gahawa, ba ganyen shayi. Suna ba da kashi ɗaya cikin goma na abin da suka samu, suna azumi Lahadin farko na wata su ba mabukata abincin ranar. Ba sa yi wa yaro baftisma sai ya kai shekara takwas, wai kafin nan ba shi da zunubi. Duk wannan na ji shi kamar yadda ake jin labari a rediyo.

Abu ɗaya ne ya kama ni. Sun ce auren da aka ɗaura mana a ƙauye mutuwa ce iyakarsa. Amma akwai wani gida mai tsarki da suke kira haikali, can kudu a Aba, inda miji da mata za su durƙusa a gaban bagade a ɗaure su har abada, a ɗora hannun ɗansu a kan nasu, shi ma a ɗaure shi da su. Daga nan ko mutuwa ba ta raba su. Wanda ya shiga sama ba tare da wannan ɗauri ba zai iya samun wuri mai kyau, amma ba a yi masa alkawarin iyalinsa ba. Na dubi 'yata tana wasa da nakatayen ɗaya daga cikinsu. Ita kaɗai ce ta tsaya mini, ciki biyu sun zube kafin ita. Na ce wa maigida ya tambaye su yadda ake zuwa Aba.

Aka yi mana baftisma, aka nitsar da mu cikin ruwa har gashin kai. Aka ce sai mun shekara kafin mu shiga haikali, kuma sai shugaban reshen cocinmu ya zauna da kowa shi kaɗai ya yi masa tambayoyi, ya ba shi takardar shiga. Shugaban ba fasto ba ne mai albashi, a cocin ba a biyan kowa. Ma'aikacin ofis ne a Abuja, mutumin kudu, ya koyi Hausa a Minna, yana yin ta da ɗan karkacewa amma ana ganewa sarai. Mutum ne mai haƙuri, ba zan ɗora masa komai ba.

Wannan shekarar ita ce mafi daɗi a rayuwata. Maigida ya bar sigari. Ranar Litinin da yamma yakan dawo da wuri mu zauna mu uku mu yi waƙa da addu'a, haka aka koya mana. Ranar Lahadi a zagayo da burodi da ruwa a ƙananan kofuna, 'yata ta ce wannan kofin na 'yar tsana ne. Babanta Mamana yake ce mata, don sunan uwarsa ta ci. Na sayi farin yadi aka ɗinka mata rigar da za ta sa a haikali, na sa tela ya bar mata tsawo don ta kai har ranar baftismarta.

Shayin Hajiya kuwa ban daina dafawa ba. An ce mini dafawa ba laifi, shan ne aka hana. Na yi niyya ba zan ƙara ɗanɗanawa ba, amma hannuna bai ji ba. Sai in ga cokali ya riga ya je baki ya dawo, ɗacin ganyen yana kan harshena. In fita tsakar gida in tofar, in kurkure baki, in yi ta tunani: na haɗiye ko ban haɗiye ba? Hajiya tana jin motsina ta ce, "'Yar nan, guba kika sa mini ne kike ta tofarwa?" Ta yi dariya, ni ban iya ba.

Da shekara ta cika aka ce za a ɗauki mota zuwa Aba. Maigida ya shiga wurin shugaba ya fito da takardarsa yana kaɗa mini ita a fuska. Na shiga. Tambayoyin da yawa: ko na gaskata da Allah da Yesu, ko ina riƙe da aurena, ko ina ba da ushiri, ko ina gaskiya a sha'anina da mutane. Da ya zo kan shayi na gaya masa labarin cokali. Ya yi murmushi ya ce wannan ba shan shayi ba ne, in dai yi ƙoƙari in bari, Allah ba ya farautar mutane da cokali. Sai ya yi tambayar ƙarshe.

"Sista, ke a ganinki kin cancanci shiga gidan Ubangiji?"

Na tuna abin da aka ce, ba abin da yake marar tsarki da zai shiga can. Na ce a raina, in na shiga da datti, ɗaurin ma ba zai kama ba, in cuci mijina in cuci 'yata, mu yi ta zaton a ɗaure muke alhali ba mu ɗauru ba. Na ce masa ya ba ni lokaci. Ya lallashe ni, ya ce shi a wurinsa ba abin da ya hana ni, amma wannan amsar ba zai iya ba da ita a madadina ba. Mota ta tafi ba mu.

Maigida bai yi fushi ba a lokacin. Tsokana ya yi ta yi mini, wai ga uwargida sarkin tsarki, mala'iku ma sai sun yi wanka kafin su gaishe ta. Shi ne ma ya nuna mini dabara, in ɗiga shayin a bayan hannuna kamar yadda ake gwada madarar jariri. Na bayyana wa Hajiya, ta ce kowa da abin da addininsa ya hana shi, in dai ba zan ƙona ta ba ta yarda. Cokali bai ƙara zuwa bakina ba.

Na ɗauka an gama. Amma da aka sake sa ranar tafiya sai wani abu ya taso mini. Na tuna ran nan na ce wa shugaba abin ya faru "'yan lokuta", alhali kusan kullum ne. Ke nan na yi ƙarya, kuma a cikin ɗakin da ake tambayata ko ina da gaskiya. Na koma na faɗa masa. Ya ce ya ji, abin ya wuce. Na fito, sai na ji kamar a wannan karon ma na rage wani abu, don ban ambaci ranakun da na lashi yatsa ba. Da ya yi mini tambayar ƙarshe na sunkuyar da kai na sake cewa ya ba ni lokaci. Da muka kai ƙofar gida maigida ya juyo ya dube ni.

"Ke kaɗai ce mai zunubi a Suleja? Waɗanda suka cika motar nan duk waliyyai ne?"

Na ce masa za mu bi mota ta gaba, na yi alkawari. 'Yata ta tambaya ko rigar ba za ta yi mata kaɗan ba, na ce an bar mata tsawo.

Zazzaɓi ya kama ta a tsakiyar damina, saura 'yan watanni ta cika takwas. Mun ba ta magani ya sauka, ya dawo da ƙarfi. Maza biyu daga coci suka zo suka shafa mata mai a ka, suka ɗora hannu suka yi addu'a. Muka kai ta asibiti. Ba ta daɗe ba. Da farar rigar aka binne ta, ta sauko mata har ta rufe ƙafa.

'Yan coci sun tsaya mana, ba zan manta ba. Matan suka yi ta kawo abinci. Kowa abu ɗaya yake faɗa mini: yaron da ya mutu bai kai takwas ba ya tafi sama mafi ɗaukaka kai tsaye, ba hisabi. Na yarda, ban taɓa shakkar inda take ba. Abin da nake tambaya shi ne ko a can ɗin tawa ce. Shugaba ya ce ƙofa ba ta rufe ba. A haikali ana yi wa matattu abin da ba su samu ba, har baftisma. Ni da maigida za mu durƙusa, wata ta tsaya a gurbin 'yata ta ɗora hannu a kan namu, ɗaurin ya kama kamar tana raye.

Na koma ɗakin tambayoyi. Ya yi tambayar ƙarshe na ce e. Ba wani abu da ya canza a jikina, kalmar ta fita kawai, ba nauyi. Na riƙe takardar ina kallonta, ina tunanin ashe iyakarta ke nan.

Amma maigida ya riga ya daina zuwa coci. Bai yi faɗa da kowa ba. Lahadi ta yi ya ɗauki keke ya fita aiki. Na fara jin warin sigari a rigarsa, na kuma hango shi da safe a teburin mai shayi na bakin layinmu, kofi a hannu, ya gan ni bai ɓoye ba. Ranar da na ajiye takardar kusa da kwanon abincinsa ya dube ta ya ci gaba da ci. Na ce masa an ce har yanzu za a iya, na bayyana masa yadda ake yi.

"Yanzu kika cancanta?" ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Lokacin da Mamana take da hannun ɗorawa kin ce a jira. Ni ba zan je in durƙusa ina kallon hannun wata a kan nawa ana ce mini ita ce ba. Ki je ke kaɗai."

Ni kaɗai ba a yi. Da uwa da uba ake ɗaure ɗa, uban kuma in yana raye sai ya zo da ƙafarsa, da tasa takardar. Tasa ta daɗe da mutuwa, don takardar tana da wa'adi. Tawa ma ta mutu na sabunta, ta kusa sake mutuwa. Shugaba ya ce Allah mai adalci ne, ba zai hana mai aminci wata albarka saboda zaɓin wani ba, akwai abubuwan da sai a can za a daidaita. Ina jin sa. Amma su ne suka koya mini cewa a nan duniya ake ɗaurin, don haka na shiga ruwa tun farko. Ina zuwa coci har yanzu, in zauna a baya, ana ta Turanci ba mai juya mini, in karɓi burodi da ɗan kofin ruwan.

Wata 'yar'uwa a coci, da nufin kwantar mini da hankali, ta ce ko bai yarda ba yanzu, ranar da ya rigaye ni ana iya ɗaure ni da shi, wani ya tsaya a gurbinsa, wata a gurbin yarinyar. Da ma ba ta faɗa ba. Tun daga ranar, in ya yi tari da safe, ko ya makara bai dawo daga hanyar Magajiya ba, sai in ji wani abu ya motsa a ƙirjina kafin tsoro ya zo. Ba na so ya mutu, Allah ya sani. Shi ne ya ɗauki 'yarmu a kafaɗa zuwa asibiti. Amma abin yana motsawa, na kuma san shi. Wannan ba cokali ba ne, kuma ban san da wane baki zan faɗa wa shugaba ba ranar da zai sake yi mini tambayar ƙarshe.

Hajiya ta tsufa ƙwarai, yanzu sai an riƙe mata kofin. Jiya na ɗiga a bayan hannuna na ce mata ya yi daidai. Ta kurɓa, ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce ita kullum tana sa yarinyar a addu'a, yara ai 'yan aljanna ne, in yi haƙuri zan same ta a can. Na ce amin. Maigida yana tsakar gida yana goge keke, yana tari. Na tsaya da kofi a hannu ina saurare har ya lafa.