Hotunan da Ba Sa Cikin Kwamfutarmu

Shekarun da intanet ta fara zama a Zuru, ni ce mai danna kwamfuta a shagon yayana. Cikin masu zuwa akwai wani tsohon soja daga wajen Bena, wanda ɗansa ke aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje. Abokan aikin ɗan suna zuba hotunansu a wani shafin intanet marar ado, jerin sunaye kawai kamar rajistar makaranta.

Tsohon ba ya son ya zauna ina laluben adireshi. Sai yayana ya sa wata 'yar manhaja da ta mayar da jerin nan folda a kwamfutarmu, ta zauna kusa da wasiƙun neman aiki kamar a nan aka haife ta. Ya ce mini, "Taga ce fa, ba rumbu ba. Ki kwafe hotunan." Na ce to. Duk gidanmu kuwa an san nauyin "to" ɗina.

Kowace ranar kasuwa tsohon zai zo, ya cire hula, ya zauna. Hoto ɗaya yake so, wanda ɗan ke dariya a bakin tanti. A hankali hoton yake saukowa, hula tukuna, sannan goshi, sannan haƙora. Kullum sai ya ce yaron ya rame. Na taɓa cewa in buga masa a takarda, ya ce injinmu gawayi yake mayar da mutum, a bar yaro inda yake.

Da labarin rasuwar ɗan ya zo, wata biyu bai leƙo ba. Ranar da ya dawo na danna foldar, ta buɗe wayam. An rufe shafin can inda yake, ni kuwa ko ɗaya ban kwafe ba.

Na yi masa bayanin taga da rumbu. Ya saurara har ƙarshe.

"Ɗiyata, nan ciki nike ganinai," ya ce. "Buɗe akwatin."

Kunya da baƙin ciki suka hana ni musu. Na ɗauko sukundireba na kwance murfin kwamfutar. Ya sa tabarau, ya duƙa, ya daɗe yana duba wayoyi da 'yar fanka. Sannan ya miƙe, ya mayar da hularsa.

"Rufe shi da kyau," ya ce. "Kar ku saida wanga ba ku gaya mini ba."