Layi Uku a Wuyan Hannu

'Yar wana ta iso gidana a unguwar Jurf ta Madina da jakar kaya, hannunta naɗe da leda kamar ragowar naman da za a jefa firji. Wai in bar ta ta kwana biyu. Ta gaya wa ubanta baya ke damuna, ta zo taya ni aiki. Bayana lafiya lau, ita kuwa ko kofin da ta sha shayi ban taɓa ganin ta ɗauraye ba.

Sai da ta zauna ta janye hannun riga. Layi uku ne a tsaye, sirara kamar zaren ɗinki, a cikin wuyan hannu. Wata mai zana wa mata gira da allura ce ta yi mata a wani gidan haya a Sultana, irin ƙofar da ba a sani sai ta bakin ƙawa. Ba lalle ba ne, wannan ba ya fita. Ta kalle ni da idanu rau-rau ta ce da Larabci, don Hausa ji kawai take yi, "Zanen sitti ne, ya ammati." Wato, "Zanen kaka ne, goggo." Kakarta take nufi, mahaifiyata, wadda muka binne shekarar da ta gabata.

Iya Bagobira ce. Tana jaririya wanzami ya yi mata zane, aka shafa baƙin tukunya, aka goyo ta zuwa ƙasar nan. Da wannan fuskar ta yi tallan gyaɗa a Anbariyya har ta ga ɗanta ya zama ma'aikaci. Ranar walimar gama jami'ar yarinyar nan, taron mata zalla, ita yarinyar ta aiko a roƙi sitti kada ta cire niƙabi, saboda ƙawayenta za su zo. Na ƙi kai saƙon, uwarta ta kai. Iya ta zauna can kusurwa tana ɗaga ƙyalle tana tura loma ta ƙasa, kamar mai cin na sata. Da muka dawo, abin da ta ce kawai shi ne an yi zafi. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

To, sai ga ni ina kallon jinyar layi uku. Ba a taɓa ruwa, ba a shiga rana, ba a sosawa. A Madina, ba a shiga rana. Akwai man da ake shafawa da kan ɗan yatsa, akwai sabulunsa daban. In za ta yi alwala sai ta shafa kan leda, sai ka ce mai karaya. Da wurin ya fara ɓawo yana ƙaiƙayi, ta riƙa yarfa hannu tana hura masa iska, tana kiran sunan Allah. Tsakanin shafa mai da shafa mai kuma ta ɗauki hotonsa ta tura wa ƙawayen nan dai, da fuskoki masu hawaye. Tattalin da ta yi wa tawadar nan, da Iya ta sami rabinsa da ta mutu da farin ciki.

Da fatar ta lafa, buƙatar ta fito. Ba za ta iya ɓoye hannu har abada ba, kuma ta san halin ubanta: ranar da ya gani, gidan ba zai ɗauke su ba. Amma in na riga shi, na ce zanen uwarsa ne, don ƙauna aka yi, zai yi sanyi. Ba ya musa mini magana in ta shafi Iya. Shaida take so.

Na tambaye ta ina ta samo siffar. A waya, in ji ta, ta nemo zanen fuskar mutanen Afirka ta zaɓi wanda ya yi kama. Ya yi kama kam, da na tsofaffin Sudan da muka yi maƙwabtaka da su. Na Iya kwance yake, daga gefen baki ya bazu har kunne, kuma ya fi uku nesa ba kusa ba. Wana da ya sha nono yana kallon fuskar nan, shi zan je in yi wa wannan ƙaryar?

Ban gaya mata ba. Na ce zan je, in har ta nuna mini a kuncinta inda zanen kakarta ya fara da inda ya ƙare. Ta yi 'yar dariya, ta ɗauko waya. Hoton Iya guda ɗaya ne a ciki, na ranar walima, idanu kawai.

Ta ajiye wayar, ta ɗora yatsa a kunci. Na zuba shayi na jira. Shayin ya huce, yatsan bai motsa ba.